WAI DON MUN JE KALLON FIM ƊIN FARANSANCI?

'Yan uwana ɗaliban arewa da ke karatu a nan Legas da kewaye.

Wallahi na so in yi shiru. Kwana huɗu ke nan ina karanta abin da ake rubutawa a guruf ɗinmu, ina sauraren saƙonnin murya, wani na minti bakwai wani na minti goma sha ɗaya, ban ce uffan ba. An kira ni yaron Faransa, an kira ni ɗan kwangila, wani ma da muka sha cin garau-garau a kwano ɗaya ya ce dama tun aji ɗaya yake lura da take-takena. Duk wannan bai hana ni barci ba. Amma jiya bayan isha'i yayan yarinyar nan ya kira ni daga gida, ya ce Babansu ya ce ta haɗa kayanta ta dawo, karatun ya isa haka. To nan shirun ya ƙare. Rubutun zai yi tsawo. Wanda ya saba karanta layi biyu ya yanke hukunci, ya wuce abinsa, ba da shi nake ba.

Ga abin da ya faru, tunda masu ba da labarin babu wanda ya je wurin a cikinsu.

Ƙanwarmu ce, 'yar aji biyu, Faransanci take karanta, kuma ita kaɗai ce 'yar arewa a ajinsu. Malaminsu ya ce su je bikin nuna fina-finan ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Ikoyi ranar Asabar da Lahadi, kowa ya rubuto rahoto, akwai maki a kai. Yarinya ba ta son ta tsallaka Obalende ita kaɗai ta dawo da dare. Ta nemi ƙawarta ta raka ta, sannan ta zo ta same ni saboda ni aka ɗora wa kula da walwalar ɗalibai a ƙungiya. Ta ce, "Yaya, don Allah ko akwai wanda zai raka mu?" Na ce zan je, na ja abokin ɗakina. Mu huɗu muka hau danfo, mu huɗu muka dawo, kafin tara na dare kowa yana ɗakinsa. La'asar da magariba a can muka yi su, mai gadin wurin ne ma ya ara mana buta da tabarmarsa, Babarbare ne mutumin kirki.

A bakin ƙofa muka ɗauki hoto mu huɗu, na sa a status ɗina. Wannan kuskurena ne, na ɗauka, kuma na ba ta haƙuri. Sai wani bawan Allah ya ɗauki hoton, ya yanke mutum biyu, ya bar ni da ita da allon tallan wani fim a bayanmu, ya rubuta abin da ya rubuta a ƙasa. Daga guruf ɗinmu hoton ya fita. Kafin kwana biyu ya isa wayar mahaifinta, tafiyar fiye da kilomita dubu.

Yanzu bari in gaya muku "batsar Turawa" da muka je kallo.

Fim na farko sunansa Zinder. E, Damagaram dai da kuka sani. Wata 'yar garin ce ta yi shi, A'isha Macky, ya fito a 2021, kuma ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne a unguwarsu ta gaske. Unguwar Kara-Kara, inda a da can aka ware kutare da waɗanda gari ba ya so, yanzu jikokinsu ne matasan da ba makaranta ba aiki, sun kafa dabobi da suke kira "palais". Kuma da wane harshe ake magana a fim ɗin? Da Hausa. Hausar Damagaram tsantsa. Muna zaune a ɗaki mai sanyi a Ikoyi, mutum sun haura ɗari, Yarabawa da Inyamurai da Turawa da 'yan Kwatano, kowa ya ƙura wa ƙasan allo ido yana karanta fassara, mu huɗu ne kaɗai muke ji da kunnenmu. Idan aka yi abin dariya mu muke fara dariya, sai bayan daƙiƙa biyu ɗakin ya ɗauka. Wani wurin ma mu kaɗai muka yi, don habaici ba ya shiga fassara.

Akwai wata daba a ciki da suka sa wa suna Hitler, har da tutarsa suke yawo a kan babur. Da aka tambayi jagoransu, a saninsa wani jarumi ne a Amurka da ba a cin galaba a kansa. Ɗakin ya yi dariya. Ni ban iya yi ba, don na san irin yaron nan. Na san shi a unguwarmu, ku ma kun san shi, ko ana ce masa ɗan daba a Kano, ko ƙauraye a Katsina, ko kalare a Gombe, ko sara-suka a Bauci. Ga masu ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tarkacen mota, ga masu fasa-ƙwaurin fetur daga kan iyakarmu cikin jarkoki da dare, ga wanda ya tuba yana ba da labarin abin da suka yi wa mata da bakinsa, idonsa ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Abokin ɗakina, wanda ya biyo ni don kawai na ce zan biya kuɗin mota, bai sake taɓa wayarsa ba har aka kunna fitila.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan an gama. Aka buɗe fili don tattaunawa. Wata mata ta tambaya ko waɗannan yaran su ne almajirai, ko kuma su ne Boko Haram. Sai wani mutum mai gilashi, da ganinsa ya sha karatu, ya miƙe ya yi bayani da cikakken ƙarfin gwiwa, ya haɗa almajiri da ɗan daba da ɗan ta'adda ya ƙulla a ƙulli ɗaya, ya ce al'adar mutanen ce haka. Mutane suna gyaɗa kai, wasu suna rubutawa. Na ɗaga hannu jikina yana rawa. Na ce Malam ba haka ba ne, na yi iya abin da zan iya a minti uku da Turancina. Bayan an tashi mutum biyar suka same ni da tambayoyi.

To ina tambayarku: da ba mu je ba fa? Da haka za a tashi, mutum ɗari su koma gida da bayanin mai gilashi. Kullum muna kuka a guruf cewa 'yan kudu ba su fahimce mu ba, jaridun Legas suna mana ƙarya. Ga wuri ana maganarmu, da harshenmu a bango, kujera kyauta, mu kuma muna hostal muna gardamar Barca da Madrid. Ba a yi wa mutum aski a bayansa, in ji Hausawa, amma mu kullum a bayanmu ake mana, don mu ne ba ma zuwa.

Na biyu fim ɗin Chadi ne na Mahamat-Saleh Haroun, da Faransanci da Larabcin Chadi, sunansa Un homme qui crie, wato mutumin da ke kururuwa. Ya ci kyauta a Cannes a 2010. Wani dattijo ne, tsohon zakaran ninƙaya, yana kula da wurin wanka a wani otal a N'Djamena. Sababbin masu otal suka sauke shi suka mayar da shi mai gadin ƙofa, suka ba ɗansa aikinsa. Ana yaƙi, ana matsa wa kowa ya ba da gudummawa, kuɗi ko ɗa. Sai ya ba da ɗan. Ba zan ƙarasa muku ba. Amma ƙawar ƙanwar tamu 'yar Maiduguri ce, kuma sai da ta fita waje ta wanke fuska.

Ran Lahadi aka nuna tsohon fim ɗin Usman Sembene na Senegal, La Noire de..., na 1966, baƙi da fari. Yarinya 'yar Dakar, iyayen gidanta Faransawa suka tafi da ita ƙasarsu a kan za ta yi raino, ta tarar bauta ce, ɗaki da kicin kawai ta sani a Faransa, har ta kashe kanta. Duk wanda yake da 'yar uwa da aka kai aikatau wata ƙasa aka riƙe mata fasfo, ya san ba tsohon labari ba ne.

Kuma don kada a ce na ɓoye: fim na huɗu na Faransa ne kanta, minti ashirin da farawa aka zo wurin da bai dace mu zauna ba. Ban ma buɗe baki ba, 'yan matan suka riga ni miƙewa. Muka fita, babu wanda ya tare mu. Hoton tallansa ne a bayanmu a hoton da aka yanke. Ashe mutum yana iya shiga wuri da tarbiyyarsa ya fito da abarsa.

Yanzu mu zo kan babbar hujjar, wadda masu saƙon murya suka fi ɗaga jijiyar wuya a kai: Faransa azzaluma ce, 'yan uwanmu na Nijar sun kore ta, kai kuma ka je kana tafa mata.

Malam, ba kai za ka koya mini zaluncin Faransa ba. Kakata ta wajen uwa 'yar Maraɗi ce. Na san a 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Na san shekaru nawa aka yi ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska Faransa, mutanen da ke zaune a kansa suna cikin duhu. Na san sun hana ɗalibai mata sa ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, suka ƙara da abaya a 2023. Na san zanen ɓatancin da aka yi, kuma ya yi mini ciwo kamar yadda ya yi maka. Babu ɗaya da na manta a ƙofar shiga.

Amma ka san wa ya nuna wa duniya abin da Voulet ya yi? Wani marubuci ɗan Nijar, Abdullahi Mamani, ya rubuta littafin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya ta yaƙe su. Da Faransanci ya rubuta. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Sarauniyar ƙasar Hausa ce, daga yankin Dogon Dutse, kuma ina da tabbacin a cikin masu zagina babu mutum uku da suka taɓa jin sunanta. Haka kisan Thiaroye: ranar 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yi musu yaƙi, laifinsu sun nemi haƙƙinsu. Sembene ya yi fim a kai a 1988, aka yi shekaru ba a nuna shi a gidajen silima na Faransa ba. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugabansu ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Waɗannan mutane da harshen Bafaranshe suka tsaya a gabansa suka gaya masa abin da ya yi, ya ji babu tafinta. Kai da kake zaginsa da Hausa a guruf mai mutum 240, yaushe saƙonka zai isa?

Kuma Nijar ɗin da kuke kafa hujja da ita, ku bincika da kyau. Sojan Faransa sun fita a ƙarshen 2023, gaskiya ne. A 2025 ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ni ma na yi murna har na sa a status. Amma ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Janar Tiani kansa yana hira da Hausa, yana jawabi da Faransanci. Sun kori soja, ba su ƙona ƙamus ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su waye masu wa'azin. Wanda ya fara kira na yaron Faransa, rigar PSG ce a jikinsa a hoton fuskar WhatsApp ɗinsa, ranar da Dembele ya ci Ballon d'Or har kabbara ya yi a gidan kallo. Mahaifinka da nawa suna kama RFI Hausa da safe, kuma ofishinsu yana nan Legas ɗin nan tun 2007. A Fijo 504 ɗin Kaduna aka kai iyayenmu mata ɗakin miji. Wayoyinmu cike suke da Indiya fassarar Algaita, da na Koriya, da na Turkiyya mai zango biyar, ana tura wa juna a hostal har asuba. A cikin waɗannan babu rungume-rungume? Babu rawa? Ko don an sa wa jarumin muryar Bakano shi ke nan ya musulunta? In akwai wanda ya ce shi duk wani fim bai halatta a wurinsa ba, kuma ba ya kallo, wallahi ina girmama shi, ba ni da ja da shi. Akwai irinsu a cikinmu, mutum biyu ko uku, kuma abin lura babu ɗaya daga cikinsu da ya sa baki a wannan ƙazantar.

Ni ba malami ba ne, amma a Islamiyya an koya mana cewa Manzon Allah (SAW) ya sa Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. An kuma koya mana Suratul Hujurat, da abin da ta ce a yi idan labari ya zo, da abin da ta kwatanta mai cin naman ɗan uwa da shi. Na bar wa malamanmu na masallaci su faɗa mana wanne ya fi nauyi, zama a ɗakin kallo da hijabi har ƙasa, ko yanke hoton 'yar mutane a jefa mata zargi.

Ku buɗe taswira don Allah. Benin, Nijar, Chadi, Kamaru. Duk ƙasar da muka haɗa iyakar ƙasa da ita da Faransanci take aiki. Jihohi bakwai na arewa ne suke jingine da Nijar, daga Kebbi har Borno. Hedikwatar ECOWAS tana Abuja, ta Hukumar Tafkin Chadi tana N'Djamena, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Tun 1996 Janar Abacha, ɗan Kano, ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a ƙasar nan. Idan an buɗe gurbin aiki a waɗannan wurare aka ce ana son mai harshe biyu, su wa suke cikewa? Ku je ƙauyen koyon Faransanci na gwamnatin tarayya da ke Badagry ku ƙirga 'yan arewa. Sannan gobe mu dawo guruf mu rubuta "an mayar da mu saniyar ware". Mun iya zuwa Kwatano sayen digiri, har wani ɗan jarida ya samo nasa a sati shida ya tona asiri, amma koyon harshen garin ne ya zama kafirci.

Mu da muka fi kowa sauƙin abin. Bayarabe in ya je Maraɗi baƙo ne. Ni in na je, gidan kawuna zan sauka, Sarkin garin ma Sarkin Katsina ake ce masa. Hausa ta riga ta buɗe mana kasuwa da zaure. Faransancin ofis da takarda kawai ya rage, shi ne yarinya ɗaya tilo ta ce za ta koyo, mu kuma muka taru muka yi mata wannan.

Kar wani ya ɗauka na ce masu shirya bikin don Allah suke yi. Ba sadaka ba ce. An kore su daga Bamako da Wagadugu da Yamai, suna neman sababbin abokai, kuma Najeriya babbar kasuwa ce. Na sani, ina zaune a kujerar ina sane. Har na tambayi kaina me ya sa fim ɗin da aka yi da Hausa a Damagaram sai ya bi ta hannun Turawa kafin Bahaushen Katsina ya gan shi a Ikoyi. Amsar ba ta yi mini daɗi ba, don rabin laifin namu ne. Umaru Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972, ba mu san shi ba. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Tafawa Ɓalewa, sai da Jamusawa suka gyara shi aka nuna a Berlin a 2018. A 2016 aka ce za a gina alƙaryar fim a Kano, muka yi ca har aka fasa. To wanda ya ƙi ajiye kayansa, in ya gan su a shagon wani ai sai ya shiga ya kalla.

Ga abin da nake nema, kuma a fili nake nema tunda a fili aka yi ɓarnar.

Kai da ka yanke hoton, na san ka, ka san na san ka. Ban faɗi sunanka ba kuma ba zan faɗa a nan ba, don ba na son a yi wa mahaifiyarka abin da aka yi wa mahaifin yarinyar nan. Cikakken hoton yana wayarka. Ka kira Baba da bakinka, ka ce masa mu huɗu ne, kai ka yanke. Yayanta ya ce Baba ba zai saurare ni ba tunda ni ne a hoton, kuma yana da gaskiya, ni ma da ƙanwata ce ba zan saurara ba. Shugaba, kai ma ka karanta komai ka yi shiru, har alamar dariya ka sa a ƙarƙashin wani saƙon, na gani. Ina roƙonka ka rubuta takarda da sunan ƙungiya, ka haɗa da sanarwar da malaminsu ya fitar, a aika gida. Ku kuma da kuka tura hoton gaba "don a yi hattara", ku tura wannan rubutun ta hanyar da kuka tura wancan.

Jarrabawa saura sati uku. Shekara mai zuwa ya kamata ajinsu su tafi Badagry. An ce motar da za ta ɗauke ta za ta tashi daga Agege ran Asabar da safe, kuma jiya ƙawarta ta ce mini ta riga ta fara rabar da bokitinta da risho. Rahoton da aka je dominsa ma ta rubuta shi, shafi huɗu, yana cikin jakarta ba ta miƙa ba.

Lambar yayanta tana wurina. Ina masallaci bayan kowace sallah har ran Juma'a.